Injin lesa na faiba zai iya zane a kan abin da ba ƙarfe ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin shago a Kano, kuma na sayi injin lesa na faiba mai ƙarfin wat 30. Ina rubuta suna da tambari a kan zobba, agogo, wuƙaƙe, kofunan silba da farantin ƙarfe, aiki kuma yana fita da kyau. To yanzu mutane sun fara kawo mini katako, jakar fata, rigar waya da gilashin lambar yabo. Na gwada katako, wani wuri ya ƙone ƙurmus, wani wuri ko alama babu. Gilashi kuwa kamar ban kunna injin ba. Wani ya ce ƙarfin injina ne ya yi kaɗan, in nemi mai wat 50 ko 60. Gaskiya ne? Wane aiki zan karɓa, wanne zan mayar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna. Ko mai wat 100 ka sayo, gilashin nan ba zai nuna komai ba, katakon kuma sai dai ya ƙara saurin kamawa da wuta. Ba ƙarfi ne ya gaza ba, irin hasken da injinka ke fitarwa ne bai dace da waɗannan kaya biyu ba. Amma akwai abubuwa da yawa da ba ƙarfe ba waɗanda injinka zai yi musu zane mai kyau, wasu ma ya fi kowane inji iya su.

Injin lesa irin naka haske iri ɗaya tak yake fitarwa, mai tsawon zango guda, kuma da nanomita ake auna shi. Na faiba 1064 ne. Ido ba ya ganin wannan haske, jan layin da kake gani kafin ka danna fara aiki ɗan nuni ne kawai, ba shi ke zanen ba. Injin CO2, wanda masu yanka katako da akirilik (robar nan mai kama da gilashi) ke amfani da shi, nasa 10,600 ne, wato kusan ninki goma na naka. Akwai na UV mai 355, akwai kuma ƙananan nan masu shuɗin haske da ke wajen 450. Idan haske ya sauka a kan abu, ɗayan uku ne ke faruwa: ko abin ya shanye shi, ko ya mayar da shi, ko ya bar shi ya ratsa ya wuce. Wanda aka shanye kaɗai ke komawa zafi ya bar alama. Don haka duk lokacin da aka ajiye maka kaya a kan tebur, kada ka tambayi kanka ko ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba ne. Tambayi kanka ko yana shan hasken 1064.

Gilashi ba ya sha. Je ka duba farantin alminiyom ɗin da ka ɗora gilashin a kai ranar da ka gwada, mai yiwuwa ka tarar da inuwar rubutun a jikinsa, domin hasken ratsa gilashin ya yi ya sauka a ƙasa. Akirilik mai garai-garai ma haka yake. Wannan gilashin kuwa da za ka sa shi a ƙarƙashin CO2, nan take zai kama, saboda a wajen hasken 10,600 gilashi bango ne.

Katako labarinsa ya fi ban haushi, domin yana nuna kamar zai yi. Farin katako yana watsar da yawancin hasken 1064, kaɗan yake sha. Sai hasken ya ci karo da wata jijiya mai duhu, ko ƙulli, ko wurin da ƙaro ya taru, nan ya yi zafi ya zama gawayi. Gawayi kuwa yana shan wannan haske sosai da sosai. Daga nan wurin da ya riga ya yi baƙi sai ya dinga ƙara ƙonewa, wurin da ke gefensa yana nan fari fes. Abin da ka gani ke nan, kuma babu saitin da zai gyara shi gaba ɗaya, tunda bambancin yana cikin katakon ne. Ƙara ƙarfi yana ƙara nisan da ke tsakanin wurin da ya ƙone da wanda bai kama ba. Katako mai duhu sosai ko wanda aka yi wa baƙin fenti yakan ba da abin da za a iya kallo, amma ni ba na ba da shawarar ka karɓi kuɗin mutum a kan katako da wannan inji. Ƙwarya, takarda, kwali da farin yadi duk a wannan layi suke.

Yanzu ga inda kuɗin yake, wato roba mai tauri.

Ɗauki bayan tsohon rimot ko murfin tsohuwar rediyo, baƙi, ka sa a ƙarƙashin injin da ƙarfi kaɗan da gudu mai yawa. Za ka ga rubutu ya fito fari ko ruwan toka mai haske a kan baƙin, ba tare da an zuba fenti ba. Shafa shi da farce, za ka ji ɗan tudu-tudu, rubutun ya ɗan taso sama maimakon ya nutse. Abin da ya faru shi ne, baƙin garin kabon da aka cuɗa a cikin robar ya sha hasken, wurin ya narke na ƙiftawar ido, iska ta taso a ciki ta yi ƙananan kumfa, robar ta daskare da kumfar a ciki. Kumfar ce ke watsa haske har ido ya ga fari. A farar roba akasin haka ne ke faruwa: zafin yana ƙona 'yar fatar sama ta zama kabon, rubutu ya fito baƙi ko toka mai duhu. Hanya ta uku ita ce kankare fenti: abu mai launi biyu, a cire na sama na ƙasa ya bayyana. Maɓallan cikin mota da ke haskawa da dare haka ake yin su, roba ce mai barin haske ya wuce, a fesa mata baƙin fenti, lesa ta cire fentin daidai siffar alamar.

Sai dai roba ba iri ɗaya ba ce, kuma nan ne masu sabon inji ke ɓata kayan mutane. Juya abin ka duba bayansa ko cikinsa. A kayan mota da na lantarki za ka ga an rubuta sunan robar tsakanin alamomi biyu, kamar >ABS< ko >PC< ko >PA66-GF30< ko >PP<. A kayan gida kuma akwai 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki, daga 1 zuwa 7. ABS tana karɓar faiba da kyau, baƙa da fara. PC, wato polikabonet, ita ma haka, tana ba da baƙin rubutu mai kaifi, har mai garai-garai ɗinta takan kama, abin da akirilik ba ya yi. Shi ya sa shafin bayanai na fasfo irin na zamani, har da sabon fasfon Najeriya da aka fito da shi a 2019, da polikabonet ake yin sa, rubutun da hoton suna cikin jikin robar ne, ba tawada ba ce da za a goge. PA, wato nailan, da PBT, waɗanda ake yin soket, makunnin wuta da wasu maɓallan kwamfuta da su, yawanci suna yi. Masu taurin kai su ne PP mai lamba 5 da PE mai lamba 2 ko 4, wato robar bokiti, jarka da kujerun biki. Idan ba su da launi mai duhu, sai dai su narke su yi ƙyalli ba tare da rubutu ya fito ba. Inda ka ga irin waɗannan robobi masu laushi sun ɗauki rubutun lesa baƙi ƙirin, kamar rawayar alamar da ake maƙala wa shanu a kunne, to tun a masana'anta aka zuba musu sinadarin da ke shan hasken 1064.

Launi ma yana yaudara. Mun saba cewa baƙar riga ta fi fara ɗaukar zafin rana, kuma a mafi yawan lokuta haka abin yake a nan, mai duhu ya fi kamawa. Amma ba kowane baƙi ne baƙi a wajen injinka ba. Dubi ɗan baƙin gilashin roba da ke goshin rimot ko gaban dikoda: a idonka baƙi ne, amma an yi shi ne musamman don hasken da ido ba ya gani ya ratsa shi. Idan da rini aka baƙanta roba ba da garin kabon ba, hasken faiba na iya wucewa ta cikinta. Wannan ne ya sa baƙin akirilik na wani kamfani zai ba ka farin rubutu mai kyau, na wani kamfanin kuma ya ƙi. Rigunan waya ma haka: baƙa mai tauri takan yi, mai garai-garai mai laushi ba ta yi, ta silikon kuma sai an gwada, wata ta yi wata ta ƙi. Kada ka yi wa mai kaya alkawari kafin ka ɗiga gwaji a ciki, inda ba a gani.

Game da saiti, ka manta da yadda kake yi wa ƙarfe. A ƙarfe kana neman zafi ya taru, a roba kana gudun taruwarsa. Da inji mai wat 30 da lensin da ke ɗaukar fili milimita 110 ko 175, ga inda za ka fara a baƙar ABS: gudu milimita 1500 zuwa 2000 a sakan, ƙarfi kashi 10 zuwa 20 cikin 100, yawan bugu (wato sau nawa hasken ke harbawa a sakan) kilohaz 40 zuwa 50, tazarar layi milimita 0.05, zagaye ɗaya. Wurin farawa ne kawai, ba ƙa'ida ba. Idan rubutun ya fito rawaya-rawaya ko ruwan ƙasa, gefensa ya narke, zafi ya yi yawa, sai ka ƙara gudu ko ka buɗa tazarar layi kafin ma ka taɓa ƙarfi. Idan bai fito sosai ba, ka ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan, kashi 2 ko 3. Zagaye biyu marasa ƙarfi sun fi ɗaya mai ƙarfi. Lensi mai faɗin fili, kamar na 200 ko 300, yana ba da ɗigo mai ɗan girma da sanyi, kuma roba ta fi son haka. Hanya mafi sauri ta gano saiti ita ce zana ƙananan akwatuna a jere a kan guntun kayan, gudu yana canzawa ta tsaye, ƙarfi ta kwance, ka zaɓi akwatin da ya fi kyau. Manhajar LightBurn tana da wurin da za ta tsara maka wannan da kanta, a manhajar EZCAD kuwa da hannu za ka jera su, kowane akwati da nasa launin alƙalami. Abin da ya yi kyau ka rubuta a littafi, ka manna guntun robar a gefensa.

Ka duba kuma wane irin tushen haske ke cikin akwatin injinka. Yawancin masu araha na wat 20, 30 da 50 suna ɗauke da na kamfanin Raycus ko MAX, waɗanda tsawon kowane bugu nasu a kafe yake, wajen nanosakan 100 da ɗoriya, ba ka da ikon canza shi. Akwai kuma irin da ake kira MOPA, wanda kamfanin JPT na Shenzhen ya yi suna da shi, inda za ka iya gajarta bugun har zuwa nanosakan 2 ko ka tsawaita shi zuwa 500, yawan bugun kuma ya haura kilohaz dubu. Gajeren bugu yana gama aikinsa kafin zafi ya bazu zuwa gefe, shi ya sa MOPA ke ba da farin rubutu mai tsabta a kan robar da injin da ba MOPA ba zai iya ƙonawa. Idan wata rana za ka canza injin faiba saboda roba, MOPA mai wat 30 ya fi maka wanda ba MOPA ba mai wat 60. Amma shi ma hasken 1064 ne, ba zai taɓa gilashi ba, ba zai gyara katako ba.

Fata kuma sai an bambance. Fatar da aka rina baƙa ko mai duhu sosai takan karɓa, zanen ya fito da ɗan haske ko ya nutse kaɗan, idan aka yi da gudu da ƙarfi kaɗan. Fatar da majema suka jeme da bagaruwa, wadda ba a rina ba, mai launin ƙasa-ƙasa mai haske, halinta kusan na katako ne, wani wuri ya kama wani ya ƙi, kuma CO2 ko mai shuɗin haske sun fi yi mata kyau nesa ba kusa ba. Akwai abin lura na lafiya a nan. Yawancin fatar kamfani da sinadarin kurom ake jeme ta, za ka gane ta idan ka yanki gefe ka ga cikinta shuɗi-shuɗi ko ruwan toka. Hayaƙinta ba abin shaƙa ba ne, domin ƙona ta na iya mayar da kurom ɗin zuwa nau'insa mai guba. Wadda ta fi wannan haɗari ita ce fatar bogi. Da yawa daga cikin jakunkuna, takalma da rigunan kujerar mota da ake sayarwa da sunan fata, yadi ne aka shafe da robar PVC.

PVC kam kada ta shiga ƙarƙashin injinka ko nawa za a biya. Ita ce mai lamba 3. Bututun ruwa, rigar wayar wuta, banar talla, yawancin katunan shaida na roba, duk ita ce. Idan ta ƙone tana fitar da iskar da ke ɗauke da kulorin, wadda da ta haɗu da danshi sai ta zama asid, a huhunka da idonka, haka kuma a jikin lensi da madubban cikin kan injin da duk wani ƙarfe da ke shagon. Abin yaudarar shi ne takan ba da rubutu mai kyau, sai bayan an ɗan jima ka ga tsatsa ta fara cin ƙusoshi. Idan kana shakka, ga gwajin da masana sinadarai suka daɗe suna yi: ka sami wayar jan ƙarfe tsirara, ka gasa bakinta a wutar gas har ta yi ja, ka dangwala a jikin robar ta ɗan manne, ka mayar cikin wutar. Idan harshen wutar ya koma kore, akwai kulorin, mayar wa mai kaya abinsa. A waje za ka yi wannan, ba a cikin shago ba. Tukwane da kaskon da aka shafa wa Teflon, abin da ke hana abinci kamawa, su ma ka bar su, nasu hayaƙin ya fi muni. Ko ABS ɗin da na yaba, hayaƙinta ba na alheri ba ne, don haka ka sa fankar zuƙe hayaƙi da bututu mai fita waje, bakinsa kusa da wurin aikin. Fankar sama ba ta fitar da komai, juya shi kawai take yi a ɗakin. Wannan hayaƙi idan ya haɗu da ƙurar hunturu yakan kwanta a ƙasan lensi, sai ka ga ƙarfin inji ya ragu ka ɗauka lalacewa ya yi. Ka riƙa goge shi da takardar goge lensi da ɗan sifirit mai tsabta.

Dutse mai duhu na daga cikin abubuwan da faiba ta fi ƙwarewa a kai, mutane kuma ba su cika sani ba. Baƙin dutsen silet, irin wanda ake yanka shi fale-fale, yana ba da zane fari tas, har hoton fuska yana fita. Baƙin giranit mai sheƙi ma haka. Farin mabul ba ya nuna abin kirki. Tayil da kofin tangaran ya danganta da abin da aka shafe su da shi, masu duhu sukan yi, farare sau da yawa sai a hankali. Baƙar roba irin ta taya tana kamawa, sai dai wari da hayaƙi.

Madubi yana da dabara. Ba gilashin za ka zana ba, bayansa za ka juyo, ka kankare fentin da siririn ƙarfen da ke ba shi sheƙi. Ka tuna ka juya rubutun a kwamfuta, hagu ta koma dama, tunda ta gaba za a karanta. Idan aka sa 'yan fitilu a bayansa, zanen sai ya haska. Kada ka kuskura ka harba ta fuskar madubin. Gilashi zalla ma idan an fesa masa fenti a baya, kana iya cire fentin ka fitar da zane, amma ka sani fentin ka zana, gilashin yana nan yadda yake.

Tunda maganar harbi ta zo: kayan da ba sa shan haske su ne suka fi watsa shi cikin ɗaki. Hasken 1064 yana ratsa gaban ido ya sauka can ciki inda hoto ke zama, ido kuma ba ya ƙiftawa don kare kansa tunda bai ga komai ba. Tabon da ya bari ba ya warkewa. Tabarau na walda, na rana, ko na injin CO2 ba don tare shi aka yi su ba, kada ka dogara da su. Nemi wanda aka rubuta 1064 a jikinsa da lambar OD, wato ma'aunin ƙarfin tare haske, 5 ko sama. Idan shagonka a buɗe yake ga titi, yara suna leƙe, mai kaya yana sunkuyo da kai don ya ga sunansa na fita, to ka sa a ƙera maka akwatin ƙarfe ko na katako mai kauri da zai rufe wurin aikin. Fawabank da waya kuwa, zane mara zurfi kawai, domin batir na nan ƙarƙashin robar.

Kuɗin da ka yi niyyar ƙarawa, ka dubi abin da aka fi kawo maka. Idan katako ne, fata da ƙwarya, ƙaramin inji mai shuɗin haske na wat 10 ko 20 zai yi su da kyau kuma ba shi da tsada, sai dai ba shi da sauri, kuma shi ma ba ya kama gilashi zalla ko akirilik mai garai-garai. Idan lambobin yabo na akirilik ne da allunan suna, CO2 mai wat 60 zuwa 80 kake buƙata, wanda zai yanka kuma ya zana, amma yana cin wuri, yana son ruwan sanyaya bututunsa, bututun kuma yana ƙarewa a canza shi. Na UV mai wat 3 ko 5 shi ne ke yin gilashi da farar roba da tsabtar da babu kamarta, kuɗinsa ne dai ke da nauyi. Kafin ka kai ga ɗayansu, ka nemi mai CO2 a kusa ku riƙa musayar aiki, shi ma ana kai masa zobba da kofunan silba da injinsa ba ya iya yi. Lambar yabon gilashi ko ta katako da aka kawo maka kuwa ba sai ka mayar ba: yanki farantin tagulla ko baƙin alminiyom daidai fuskarta, ka zana rubutun a kai da injinka, ka manna shi da gam mai fuska biyu ko ka ɗaure da ƙananan ƙusoshi huɗu.